Yadda Ake Sabunta Tsohon Rim Ɗin Aloyi A Gida: Darasi Ga Masu Tsohuwar Fijo Da Marsandi

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Daura ta Ɗambatta, ko hanyar Katsina ta Bichi da Tsanyawa, ya san tsofaffin motoci ba su ƙare ba. Har yanzu ana cin karo da Peugeot 504 da 505, waɗanda aka fi sani da Fijo, da kuma tsofaffin Marsandi. Wasu na dakon buhunan hatsi zuwa kasuwar Dawanau, wasu kuma suna ajiye a gindin darbejiya a ƙofar gida, 'ya'ya sun gada daga iyaye.

Waɗannan motoci suna da tarihi. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daina ƙera ta da fiye da shekara 20. Ita 505 ta biyo baya a 1979. Marsandi samfurin W123 ta fara fitowa a 1976, sannan W124, wadda ake kira V-Boot, ta gaje ta.

Matasa da dama sun fara sha'awar farfaɗo da irin waɗannan motoci, kuma rim na cikin abin da ido ke fara sauka a kai. A TikTok da YouTube akwai gajerun bidiyoyi da ke nuna rim ya tashi daga tsoho ya koma sabo cikin daƙiƙa 30. Abin da ba sa nunawa shi ne feshin fenti ne mafi ƙanƙantar aikin. Babban aikin yana wurin bincike da shiri, domin fenti yana rufe tsaga amma ba ya ɗinke ta. Wannan darasi ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, da kayan da za a iya samu, kuma ba sai da wutar lantarki ba.

Mene ne rim ɗin aloyi?

Rim iri biyu ne a motocin da aka saba gani. Akwai na baƙin ƙarfe, wanda yawancin 504 suka zo da shi tare da murfin ado. Akwai kuma na aloyi, wato gaurayen alminiyam da wasu sinadarai, galibi silikon kimanin kashi 7 cikin 100 da ɗan maganiziyam. Gane su ba wuya: a ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika a kara. In ya manne, baƙin ƙarfe ne. In ya faɗi, aloyi ne, ko kuma murfin roba ne mai kama da aloyi.

Akwai halaye 3 na alminiyam da ya kamata mai gyara ya riƙe.

Na farko, ba ya yin jan tsatsa. Nasa cin yana fitowa ne kamar farin gari, yana bi ta ƙarƙashin fenti yana kumbura shi. An fi ganin haka a rim ɗin Kwatano, saboda a Turai ana zuba gishiri a tituna lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, gishirin kuma yana cin alminiyam.

Na biyu, rim ɗin baƙin ƙarfe in ya faɗa rami lanƙwashewa yake yi, a buga shi da guduma ya dawo. Aloyin zubi kuwa ya fi saurin tsagewa, kuma dukan guduma na iya haifar masa da tsagar da ido ba ya gani.

Na uku, alminiyam yana narkewa a kusan digiri 660, kuma ba ya yin ja kafin ya narke kamar yadda baƙin ƙarfe ke yi a maƙera. Saboda haka ba a iya auna zafinsa da ido. Tun kafin ya kai ga narkewa ma, zafi mai yawa yana rage masa ƙarfin da aka ba shi a masana'anta. Don haka ba a ƙona tsohon fenti da wutar kara ko ta gas, ba a kuma gasa rim don a miƙar da shi a gida.

Mataki na 1: A karanta lambobin da ke bayan rim

Kafin a kashe ko sisi, a kifa rim ɗin, a goge bayansa, a kunna fitilar waya a haska ta gefe, sannan a ɗauki hoton rubutun da aka zuba a jikin ƙarfen. Faɗaɗa hoton a allon waya ya fi karantawa da ido sauƙi.

Za a ga rubutu irin 6J x 14. Lamba 6 faɗin rim ne da inci, 14 kuma girmansa ne, wanda dole ya dace da lambar ƙarshe a jikin taya. Za a kuma ga ET da lamba, misali ET30. Wannan yana nuna, da milimita, yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje. In lambar ta yi nisa da wadda motar ke buƙata, taya na iya gogar jikin mota ko kayan ƙafa.

Sai tsarin ramukan noti. Peugeot 504 da 505 suna da ramuka 4 a kan da'ira mai faɗin milimita 140. Peugeot 406 ita ma ramuka 4 ne, amma da'irarta milimita 108 ce, don haka rim ɗinta ba zai hau 505 ba. Marsandi W123 da W124 kuwa ramuka 5 ne a kan milimita 112. Fafe rami don a tilasta wa rim hawa motar da ba tasa ba ganganci ne da rai.

Akwai wani tarko na musamman ga masu 505. Wasu samfuranta sun zo da rim ɗin da aka ƙera don tayar Michelin TRX, tsarin da kamfanin ya fito da shi a 1975. Girman wannan rim milimita 390 ne, wato ya ɗara inci 15 kaɗan, bai kai 16 ba. Tayar inci 15 ba ta hawa shi, ta inci 16 kuma ba ta kama shi. Duk rim ɗin da aka ga haruffan TR da lamba 390 a bayansa, sai a fara tabbatar da akwai tayarsa a kasuwa kafin a ɓata kwana 4 ana gurzar sa.

Mataki na 2: Shin rim ɗin ya cancanci fenti?

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma yawancinsa ana yin sa ne taya na jiki da iskarta.

1. Gwajin kumfa: a kaɗa sabulu a ruwa, a shafa a bakin rim inda ya haɗu da taya, ciki da waje, da kewayen bawul, da cikin gangar rim ɗin. Duk inda kumfa ke tasowa, iska na fita. Tayar da kullum sai an kai wa mai faci ba a ga ƙusa ba, sau da yawa laifin rim ne.
2. Gwajin karkata: a ɗaga ƙafar da jak, a kafa fensir a kan wani abu mai nauyi ta yadda bakinsa zai kusa taɓa leɓen rim, sannan a juya ƙafar a hankali. In tazarar na buɗewa da rufewa fiye da kaurin katin ATM, wanda bai cika milimita 1 ba, rim ɗin ya karkace. A ɗauki bidiyo da waya a kalla a tsanake, kuma a gwada leɓen ciki, don shi ya fi shan dukan rami.
3. Duba ramukan noti: in sun tashi daga zagaye sun koma kamar ƙwai, ko akwai siririn layi da ya fita daga rami, an gama magana.
4. Neman tsohuwar walda: tudu ko tabo mai kaushi a cikin gangar rim alama ce ta an taɓa ɗinke tsaga.

Hukuncin a sarari yake. Ƙarce a leɓe, ɓawon fenti, da farin gari na sama-sama, duk aikin gida ne. Karkata kaɗan aikin masu injin miƙar da rim ne a cikin birni. Tsaga a yatsun rim, ko kusa da ramin noti, ko kewayen ramin tsakiya, ba ta da magani: a sayar wa 'yan gwangwan a nemi wani. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa ɗauke da iyali, in yatsan rim ya karye, direba ba shi da sauran dabara. Rigakafi ya fi magani.

Mataki na 3: Kayan aiki

Yawancin kayan sai an shigo Kano, wurin masu sayar da fentin mota da kayan gyara irin na kasuwar Ƙofar Ruwa. Tunda zuwa daga Kunci ko Makoɗa kuɗin mota ne da yini guda, gara a rubuta jerin a waya a sayo komai lokaci ɗaya. Ga abin da rim 4 masu inci 14 ko 15 za su ci:

- Samfefa mai jure ruwa: lamba 120, 240, 400 da 800, kowace falle 3 zuwa 4. Ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi.
- Fentin shimfiɗa mai kama alminiyam, wanda aka rubuta Etch Primer a jikinsa: gwangwani 1 zuwa 2 masu mililita 400.
- Firaima mai kauri ta cike ƙananan ƙarce: gwangwani 2.
- Fentin launi: gwangwani 2 zuwa 3.
- Kiliya, wato fentin sama mara launi mai sa sheƙi: gwangwani 2 zuwa 3.
- Tina ta goge maiƙo, fila ta cike rami, tef ɗin takarda, burushin roba, tsummoki masu tsabta marasa zubar da zare.
- Takunkumi mai matatar sinadari, safar hannu ta roba da tabarau.
- Sababbin bawul 4.

A yi ƙoƙari firaima da launi da kiliya su zama na kamfani ɗaya kuma jinsi ɗaya. Haɗa fenti iri-iri shi ke sa sabon fenti ya yamutse kamar fatar tsoho. Kafin a taɓa rim, a gwada jerin duka ukun a jikin tsohon gwangwanin madara a ga yadda za su zauna.

Game da launi, azurfa ita ce ta asali ga yawancin rim ɗin wancan zamani. Shahararren rim ɗin tsofaffin Marsandi mai ramuka zagaye da shi, wanda kamfanin Fuchs na Jamus ya ƙera, da launin azurfa ya zo. Mai son motarsa ta riƙe darajarta ta tsohuwa, ya zauna a kan launin asali.

Abubuwan da ba a kusanta da rim

Soda ta haɗa sabulu, wadda ake samu a gidaje da yawa, tana cinye alminiyam, tana kuma fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta. Ruwan batir shi ma haka yake lalata fuskar ƙarfen. Burushin waya na baƙin ƙarfe yana barin ɓurɓushinsa a jikin alminiyam, daga baya ya zama tushen sabon ci a ƙarƙashin fenti. Fetur kuwa yana barin maiƙo, ga haɗarin gobara a gidan da ke da dangar kara da rumbu da murhu a tsakar gida.

Akwai kuma ruwan cire fenti mai sinadarin dichloromethane. Yana aiki da sauri, amma tururinsa ya kashe mutane a ɗakunan da ba iska, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar da shi ga masu aikin gida a 2019. Samfefa da haƙuri sun fi shi aminci. Haka nan kiliyar da aka rubuta 2K a jikinta ta fi ƙarfi, amma tana ɗauke da sinadarin da ke illata huhu, kuma takunkumin yadi ba ya tare shi. Wanda ba shi da cikakken takunkumi ya tsaya kan kiliyar gwangwani ta yau da kullum.

Mataki na 4: Zaɓen wuri da lokaci

A ƙauyukan arewacin Kano gonaki sun zagaye gidaje, ƙasar kuma jigawa ce mai saurin tashi da iska. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar ɗanyen fenti, don haka sai an duba kalanda.

- Damina, musamman watan Agusta: danshi ya yi yawa, kiliya na iya yin fari kamar madara.
- Tsakiyar hunturu, Disamba zuwa Fabrairu: hazo yana sauka a kan fenti kafin ya bushe.
- Bazara, Maris zuwa Mayu: zafi na kaiwa digiri 40, fenti na bushewa a iska kafin ya isa ƙarfe, sai ya fito da kaushi.
- Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, hazo bai kankama ba. Shi ne lokaci mafi dacewa, muddin ba kusa da inda ake sussuka da shiƙa ba.

Manhajar yanayi da ke kowace waya tana nuna zafi da danshi da ƙarfin iska awa bayan awa. Abin da ake nema shi ne zafi tsakanin digiri 18 zuwa 30, danshi ƙasa da kashi 70, iska kuma a kwance. A bazara hakan na nufin sassafe, a lokacin sanyi kuma hantsi.

Wurin ya zama mai inuwa da iska na ratsawa, kamar zaure mai ƙofa biyu ko rumfa da aka kare gefen da iska ke busowa da buhuna. A share, a yayyafa ruwa a ƙasa, a ɗaure awaki, a kore kaji, a nisanta yara da duk wata wuta.

Mataki na 5: Cire taya da wanki

A sassauta notuna mota na ƙasa, a ɗaga, sannan a tokare ta da kututturen itace mai ƙwari. Bulon siminti yana rugujewa ba gargaɗi, jak shi kaɗai kuma ba abin dogaro ba ne. Ya fi sauƙi a yi ƙafa biyu-biyu.

A kai wa mai faci ya cire tayoyin da tsofaffin bawul. Ana iya fenti taya na jiki, amma mazaunin taya ba zai samu gyara ba, alhali can ne farin gari ke sa iska zurarewa. A ɓamɓare ƙananan ƙarafan balansin da ke maƙale a leɓe. Tsofaffin da dalma aka yi su, kuma yara na son wasa da su. Bala'in gubar dalma da ya kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya isa ya nuna illarta, don haka a tattara su a gwangwani mai murfi.

A wanke rim da ruwa da garin sabulu da burushin roba, gaba da baya, har sai baƙar ƙurar birki ta fita. A ɗauraye sosai, a shanya, sannan a goge da tina. Dole maiƙo ya fita kafin a sa samfefa, in ba haka ba samfefar za ta tura shi cikin ƙarfen. Ruwan wankin kada ya gangara wajen rijiya ko kwamin shan dabbobi.

Mataki na 6: Gurza da gwajin kalanzir

Ba dole ne a cire fenti gaba ɗaya ba. Inda tsohon fenti ya kama da kyau, a dusashe shi da lamba 400 har sheƙin ya ɓace. Inda ya kumbura ko ya ɓare, a gurje da 120 har a ga farin ƙarfe mai tsabta, a bi da 240, sannan 400. A riƙa jiƙa samfefar, don ƙura ba za ta tashi ba kuma takardar za ta daɗe. Iyakar da ke tsakanin fenti da ƙarfe ta baje har yatsa ya wuce bai ji tudu ba. A lungunan yatsu, a naɗe samfefa a jikin guntun kara ko tsinken itace. A goge mazaunin taya ma har ya yi sumul. Rim ɗaya na iya cin awa 3 zuwa 5 da hannu.

Bayan ƙarfe ya bayyana, sai a sake neman tsaga da wata tsohuwar dabara da ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi amfani da irinta fiye da shekara 100 da suka wuce. A shafa kalanzir a gindin yatsu da kewayen ramukan noti da leɓen ciki, a bar shi minti 20, a goge saman ya bushe ƙarau, sannan a barbaɗa garin alli. In akwai tsaga, kalanzir ɗin da ya shige cikinta zai tsattsafo ya zana siririn layi mai duhu a kan allin. Layin in ya fito a wurin da ke ɗaukar nauyi, aikin ya tsaya nan. In bai fito ba, a wanke da sabulu, a goge da tina sau 2.

Mataki na 7: Cike ƙarce

Fila ta ado ce kawai. Ana sa ta a ƙarcen da gefen kwalbati ko dutse ya yi wa leɓe, wanda zurfinsa bai wuce milimita 2 ba. A kwaɓa kaɗan, a danna cikin ramin da tsohon katin roba, a bar ta ta ɗan ɗara saman ƙarfen. In ta ƙame a daidaita da 240 sannan 400. Ba a sa fila a mazaunin taya, ko ramin noti, ko a kan tsaga.

Mataki na 8: Rufe inda ba a so fenti

Wurare 3 ne fenti bai kamata ya taɓa ba: faffaɗar fuskar baya da ke manne da ƙafar mota, cikin ramin tsakiya, da mazaunin noti. Dalilin shi ne fenti mai kauri yana lotsewa idan birki ya ɗauki zafi, sai noti ya saki ko da an ɗaure shi tam. A rufe bayan da tef, a toshe mazaunin noti da dunƙulen takarda. Wanda ya zaɓi barin taya a jiki, ya sace iskar, ya jera guntayen kwali tsakanin leɓe da taya har su zagaye.

Daga nan ba a sake taɓa fuskar rim da hannu tsirara, domin zufar yatsa kaɗai ta isa ta hana fenti kamawa.

Mataki na 9: Feshi

Alminiyam yana yin wata siririyar fata da zarar iska ta taɓa shi, kuma fenti na yau da kullum ba ya kama ta da kyau. Shi ya sa fentin shimfiɗa mai kama alminiyam ya zama dole, kuma a fesa shi a ranar da aka gama gurza.

A girgiza gwangwani minti 2 cif da agogon waya. A riƙe shi nesa da rim kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25. A fara dannawa kafin a iso rim, a saki bayan an wuce shi, hannu na tafiya ba tsayawa. A fara da lunguna da gefen yatsu, a ƙare da fuska. Jerin shi ne:

1. Fentin shimfiɗa: shafi 2 marasa kauri a kan duk inda ƙarfe ya fito.
2. Firaima mai kauri: shafi 2. A bar ta ta kwana, a shafe da lamba 800 da ruwa, a bari ta bushe sarai, a goge ƙura.
3. Launi: shafi 3. Na farko ya zama kamar raɓa, har ana hango firaima ta ƙasa.
4. Kiliya: shafi 2 zuwa 3, na ƙarshe ya ɗan fi jiƙa don ya kwanta sumul.

Tsakanin shafi da shafi a bar minti 10 zuwa 15, ko abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, don shi ne gaba da kowace shawara. In rubutun da wani yare ne, kyamarar manhajar Google Translate na iya fassara shi. A saita ƙararrawa a waya, sannan a ajiye wayar nesa ko cikin leda, saboda ƙurar fenti in ta sauka a gilashin kyamara da wuya ta fita. Fentin azurfa mai ƙyalƙyali ba a sa masa samfefa kafin kiliya, don zai yi dabbare-dabbare.

In matsala ta faru

- Fenti ya zubo kamar hawaye: ya yi kauri. Kada a goge shi ɗanye. A bari ya bushe kwana 1 ko 2, a shafe da 800, a sake fesawa.
- Fuska ta yi kaushi kamar yashi: gwangwani ya yi nisa ko rana ta yi zafi.
- Ƙananan ramuka zagaye: akwai sauran maiƙo. A shafe wurin, a goge da tina, a sake.
- Kiliya ta yi fari: danshi ne. A jira ranar da iska ta bushe.

Mataki na 10: Bushewa da mayarwa

Fentin gwangwani yana bushewa a taɓa cikin awa ɗaya, amma ƙarfinsa sai a hankali. A bar rim a ɗaki mai iska aƙalla kwana 3, in da hali mako guda. Nan ne da yawa ke asarar wahalarsu, don ƙarfen mai faci yana kwashe ɗanyen fenti a bugu ɗaya. Ya fi kyau a kai wurin masu injin sa taya, a sa sababbin bawul, a yi balansin da ƙarafa masu mannewa ta ciki. A duba shekarun tayar ma: lambobi 4 na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019.

Wajen ɗaurawa, a fara kowane noti da hannu, a ɗaure su a gicciye ba a jere ba. Ƙarfin ɗaurin Marsandi W123 da W124 shi ne Nm 110, sauran motoci kuma a duba littafinsu. Hawa kan sifana da ƙafa yana lalata mazaunin noti a aloyi. Masu Marsandi su lura cewa ƙusoshin rim ɗin aloyi sun fi na baƙin ƙarfe tsawo. Sa gajeru a aloyi na nufin ba su kama sosai ba, sa dogaye a safayar baƙin ƙarfe kuma na iya taɓa kayan birkin hannu. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a sake bin notunan.

A wata na farko ruwa da sabulu mai laushi kawai za a riƙa wankewa da su. Bayan haka wanki duk mako ko biyu ya isa ya hana ƙurar birki cin kiliyar, musamman da damina in an keta taɓon hanyoyin gona.

A taƙaice

Rim 4 za su ci kusan mako guda ana aiki, da wani makon na bushewa. A cikin wannan lokaci feshin kansa bai wuce 'yan awanni ba. Wanda ya karanta lambobin baya, ya yi gwajin kumfa da na fensir da na kalanzir, ya gurza da haƙuri, ya kuma zaɓi ranar da ba ƙura, kwalliya za ta biya masa kuɗin sabulu. Wanda kuma binciken ya nuna masa tsaga bai yi asara ba: ya tsira da kuɗin fentinsa, ya kuma cire abin da zai iya kifar da motar a kan hanya. Irin waɗannan matakai suna aiki a kan rim ɗin aloyi na babur, don haka wanda bai taɓa riƙe gwangwanin fenti ba zai iya fara koyo da shi kafin ya taɓa motar gado.